An Ba Da Belin Mijina a Yuli, Bai Kwana a Gida Ba Sai Disamba

Ranar da alƙali ya ce ya ba da belin maigidana, a farfajiyar kotun na yi sujada, goshina a kan siminti, mutane suna wucewa suna kallona. Na kira surukata ina kuka ina cewa, "Inna, an ba shi, an ba shi." Kafin la'asar ta sa an kama zakara an yanka, ta aika an auno shinkafa. Wannan a watan Yulin 2021 ne. Bai taka ƙofar gidanmu ba sai tsakiyar Disamba, cikin hunturu, da rigar da aka kama shi da ita tana reto a jikinsa.

Ni malamar firamare ce a Kano, 'ya'yanmu huɗu. Shi kuma direba ne, shekara goma sha bakwai yana bin hanyar Kano zuwa Anacha da motar haya. Wanda ya san harkar tasha ya san kuɗin fasinja na mai mota ne da na mai. Abin da direba ke shigowa da shi gida, yawancinsa daga saƙo yake fitowa. A kawo kwali a naɗe da salatif, a rubuta lambar wayar mai karɓa a jiki, ɗan kamasho ya shigar a littafi, a biya, a ɗora. Haka aka yi a farkon Afrilun wannan shekarar, ana cikin hutun Ista. Kwali huɗu, aka ce kayan gyaran babur ne. A wani shingen bincike, a jihar da ba zan ambaci sunanta ba, jami'an hana fataucin ƙwaya suka farke kwalayen. A sama filogi ne da birki, a ƙasa kuwa ƙwayar tiramadol, wato taramol, mai lamba 225. Wadda doka ta yarda a sayar, da takardar likita, mai 50 ce da mai 100. Aka buga lambar wayar da ke jikin kwalin, tana kashe, kuma har yau ba ta sake shiga ba. Aka sallami fasinjoji, aka riƙe shi da yaron motarsa, yaro ɗan shekara goma sha tara.

Kafin in ci gaba, akwai abin da ya kamata in faɗa don kada a ɗauka ina kare masu wannan sana'a. Ƙanena, wanda yake bi na, taramol ce ta cinye shi. Ya fara sha yana aikin bulo, wai don kada ya ji gajiya. Da idona na gan shi ya faɗi a tsakar gida yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa, mahaifiyarmu tana tofa masa addu'a tana zaton iska ce. Har gobe bai dawo daidai ba. Saboda haka a da, in na ji a rediyo an ce kotu ta ba da belin wanda aka kama da ƙwaya, tsaki nake yi in ce an sayar da shari'a. A wurina beli da saki duk ɗaya ne. Jami'an da suka buɗe kwalayen nan ma ban taɓa jin haushinsu ba. Da sun bar motar ta wuce, cikin 'ya'yan mutane kayan za su ƙare.

Kundin tsarin mulki, a sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, ko kwana biyu idan da nisa. To ranar 6 ga Afrilu ma'aikatan kotuna a duk faɗin ƙasar suka shiga yajin aiki, suna neman a sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa. Aka garƙame ƙofofi. Bayan mako ɗaya muka ɗauki azumi. Muka yi azumi, muka yi ƙaramar salla, ba kotu, ba alƙali. Sai tsakiyar Yuni aka buɗe.

A cikin wannan zaman jira ne wani ɗan uwan maigida ya haɗa mu da lauya, mutum mai haƙurin bayani, Allah ya saka masa da alheri. Shi ya fara gaya mini cewa shari'ar ƙwaya ba ta kotun majistare ba ce, ba kuma ta kotun Musulunci ba, ta Babbar Kotun Tarayya ce. Ya buɗe dokar NDLEA, hukumar hana fataucin ƙwaya, ya nuna mini da yatsa. Sashe na 11 ya ce wanda ya yi safarar irin waɗannan kaya hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Sashe na 19 ya ce wanda aka samu da su a hannunsa, yana sane, shekara 15 zuwa 25. Da na ji "rai da rai" ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a ƙasa a ofishinsa.

Ya ce, "Malama, tashi. Nauyin tuhuma ba ya hana beli."

Ya yi mini bayanin dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015. Idan laifin na kisa ne, beli sai da wani dalili na musamman, kamar ciwo mai tsanani ko jinkirin da ya wuce shekara. Amma idan laifin ɗauri ne, ko da ya haura shekara uku, sashe na 162 cewa ya yi a ba da beli, sai fa in akwai dalilin da zai sa a yi zaton mutumin zai gudu, ko zai sake aikata laifi, ko zai tsoratar da shaidu, ko ya ɓatar da hujja, ko ya kawo wa bincike cikas. Ya ce doka tana kallon mutum a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, kuma beli alkawari ne kawai cewa zai riƙa zuwa kotu da ƙafarsa. A ranar na fara jin kunyar tsakin da nake yi wa rediyo.

An gurfanar da su a ƙarshen Yuni. Maigida ya ce bai aikata ba. Da aka zo batun beli, lauyan gwamnati ya tashi ya ce bai yarda ba: kayan suna da yawa, mai kayan bai shiga hannu ba, wanda ake tuhuma ba mazaunin jihar ba ne, in ya koma Kano wa zai nemo shi? Ban ga laifinsa ba, tambaya ce mai ma'ana. Alƙali ya ɗage zama, ya dawo a Yuli ya karanta hukuncinsa da Turanci. Kalmar beli kaɗai na kama, na fice da gudu na yi sujadar nan. Da Barista ya fito na ga fuskarsa ba walwala. Ya ce in zauna a benci ya karanta mini sauran.

Naira miliyan goma, da mutum biyu da za su tsaya masa, kowanne a kan wannan adadi. Dukansu su kasance mazauna jihar da kotun take. Ɗaya ma'aikacin gwamnati da bai gaza mataki na 14 ba, ya kawo takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girmansa na ƙarshe. Ɗayan mai gida ko fili a cikin garin, da takardar mallaka mai sa hannun gwamna. Kowanne ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku, da hotunan fasfo, da takardar rantsuwa, kuma sai ma'aikatan kotu sun je sun ga gidajensu.

Da farko miliyan goman ce ta tsaya mini a rai. Tun a mota na fara lissafin ɗan kunnena na gwal, da keken ɗinki, da gadon da aka yi mini na aure. Sai Barista ya fahimtar da ni cewa ba a ajiye kuɗin a hannu. Sa hannu ake yi, in mutum ya gudu sannan kotu ta bi wanda ya tsaya masa ta karɓa. Na ce alhamdulillahi, ashe da sauƙi. Ban san mutanen ne za su gagara ba.

A Kano, da za a ce a kawo mutum hamsin da za su rantse a kan halin maigidana, kafin azahar zan tara su. Limamin masallacin layinmu, mai unguwa, shugaban tasharsu, yayansa da ya riƙe shi tun yana yaro. Ba ko ɗaya da ya cika sharaɗi. Ba a jihar suke ba. Yayansa yana da gona da gida, amma takardar dagaci ce da shi, irin wadda akasarin talakawa ke riƙe da ita. Ni kaina ma'aikaciyar gwamnati ce, shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ina mataki na 08. Waɗanda suka san shi doka ba ta san su ba, waɗanda doka ta sani kuma ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Kotu ta tafi hutun shekara a ƙarshen Yuli, sai tsakiyar Satumba. Makaranta ma ta yi hutu, sai na bar yara wurin Inna na tare a garin, a ɗakin wata baiwar Allah mai sayar da abinci a unguwar Hausawa. Sarkin Hausawan garin ya karɓe ni kamar 'yarsa. Shi ya haɗa ni da wani darakta a wata ma'aikata. Mutumin ya saurare ni har na gama, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce, "Malama, wallahi na tausaya miki. Amma ban san mijinki ba. Saura shekara biyu in yi ritaya. In ya ƙi zuwa kotu, gidana da fanshona za a bi. Kuma ƙwaya ce, sunana zai shiga takarda ɗaya da ita." Na yi masa godiya na tashi. Har yau ban riƙe shi a zuciya ba, don ni ma da aka zo mini da baƙo, abin da zan faɗa ke nan. Mutum shida na bi a haka, amsar ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ba sai ka neme su ba, su suke nemanka. A gindin wata bishiyar mangwaro kusa da kotu suke zama, da jakar takardu a hammata. Ɗaya ya biyo ni har bakin titi ya ce yana da mai mataki na 14 da mai fili, duk a shirye, in kawo naira miliyan ɗaya. Na kwana ina juya maganar. Da na gaya wa Barista ya ce kada in kuskura. Takardun irinsu sau da yawa na jabu ne, in aka gano za a soke belin, a ƙara wa maigida wata tuhumar, ni ma in shiga ciki. Ko da na gaske ne ma, ba mu da miliyan ɗaya.

Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. An sa sharaɗin ne don a samu wanda zai riƙe mutum ya kawo shi kotu. Amma wanda aka biya ya sa hannu, bai san gidan mutum ba, bai san uwarsa ba, me zai riƙe? Maigida ya ba ni labarin wani da aka kawo ɗakinsu, tuhumarsa ta ninka tasu nesa ba kusa ba, sharuɗɗansa ma sun fi nasu tsauri. Kwana tara ya yi ya fita. Wanda ke da hannu a harkar da gaske yana da kuɗin da zai cika kowane sharaɗi, yana kuma da kuɗin da zai gudu. Direba da yaron mota su ne ke zama.

Duk ranar ziyara nakan kai masa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da sabulu. Ƙazuwa ta cinye masa tsakanin yatsu. Akasarin waɗanda ke gidan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke, kuma haka abin yake a ƙasar baki ɗaya, kusan biyu cikin kowane uku. Wata ranar Oktoba na same shi ya yi shiru, bai ko duba ledar ba. Ya ce yaron motarsa ya canza magana, ya amsa laifi. Tsofaffin ɗakin ne suka ba shi shawara, suka ce wanda ya amsa tun da wuri, kuma karonsa na farko, alƙalai kan sassauta masa ƙwarai. An yanke masa shekara ɗaya daga ranar da aka kama shi, shekarar gidan yari kuwa wata takwas ce. Farkon Disamba zai fita.

Ya ce, "Maman yara, shi ya san ranar fitarsa. Ni da aka ba beli ban san tawa ba. Ko in amsa kawai?"

Na rasa abin da zan ce. Ina son ya dawo, kuɗin haya ya taru, autarmu ta daina tambayar ina Baba. Na dubi hannunsa na ce, "Ka san abin da ke cikin kwalin?" Ya ce, "Wallahi tallahi ban sani ba." Na ce, "To in ka amsa, da wane baki za mu gaya wa yaran nan? 'Ya'ya mata uku gare ka, gobe za a zo neman aurensu a yi bincike." Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ledar garin. Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Na fito ina tuhumar kaina, ni da ke kwana a kan katifa na ce wa wanda ke kwana a siminti ya ƙara haƙuri.

Barista ya shigar da takardar neman a sassauta sharuɗɗa. Ya dogara da sashe na 165, wanda ya ce sharuɗɗan beli suna hannun alƙali amma kada su wuce kima. Ya kuma kawo hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Abuja na 2019 a shari'ar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, inda ta cire sharaɗin kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki na 16 da ke da kadarar miliyan ɗari. Ya haɗa da takardar rantsuwata, na lissafa duk ƙofar da na ƙwanƙwasa. A Nuwamba aka saurara. Alƙalin ya ɗago kai ya yi tambaya ɗaya, tafinta ya juya mana: in ya sake shi, wa zai kawo shi? Ban san lokacin da na miƙe ba. Barista ya ce matarsa ce, malamar makaranta, wata huɗu tana garin nan. Alƙalin ya daɗe yana kallona, sannan ya yi rubutu.

Ya mayar da kuɗin miliyan uku. Mutum ɗaya ɗan uwa na kusa mai aikin gwamnati, kowane mataki, ko a wace jiha yake. Na biyu wani shugaban al'umma da ke zaune a garin. Kuma maigida ya riƙa zuwa yana sa hannu duk wata. Sarkin Hausawa ya ce shi zai tsaya, don a wata huɗun nan ya san mu. Na farkon kuwa ni ce. Wasu daga dangi suka ce ai mace ba ta tsayawa beli. Barista ya ce tsohon zance ne, sashe na 167 ya hana a ƙi mutum don kawai mace ce. Da na zo sa hannu, magatakardar kotun ya tambaye ni ko na san abin da nake ɗauka. Na ce na sani. Albashina na shekaru ne a kan takardar nan, kuma hannuna bai yi rawa ba. Tabbatar da adireshi da takardun makaranta ya ci wata guda. Yaron mota ya riga shi fita da mako biyu.

Shari'ar ta ɗauki kusan shekara biyu bayan haka. Zama goma sha ɗaya, bai taɓa fashin ko ɗaya ba. Mukan tashi da daddare mu bi hanyar Kaduna zuwa Abuja a lokacin da kowa ke tsoronta, wani zaman mu isa a ce shaida bai zo ba, mu juyo. A cikin wannan zirga-zirgar ne aka gurfanar da babban ɗan sandan nan Abba Kyari a Abuja, a watan Maris na 2022, kan tuhumar hodar iblis, kotu ta ƙi ba shi beli bayan masu gabatar da ƙara sun ce zai iya tserewa. Sai a Mayun 2024 aka ba shi mako biyu saboda rasuwar mahaifiyarsa. A tasha da makaranta mutane suka yi ta musu a kai, ni kuwa abin da na lura da shi daban ne. Alƙalin da ya ce ya hana, ya faɗi dalilinsa, ya bar wa mutum ƙofar ɗaukaka ƙara. Akwai inda hanawar ta dace, musamman idan wanda ake tuhuma yana da ƙarfin da zai taɓa shaidu ko ya tsallake iyaka. Wanda aka ce an ba shi, aka ɗora masa abin da ba zai iya ba, a takarda shi mai beli ne, ba wanda zai sake waiwayarsa.

A wannan Mayun na 2024 kuma Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu fataucin ƙwaya, kafin daga baya majalisun biyu su daidaita a kan ɗaurin rai da rai. Ranar da na ji labarin gabana ya faɗi, don na tuna bayanin Barista a kan laifin kisa da beli. Na tuna ƙanena, na san zafin da ya sa mutane ke neman haka. Na kuma tuna kwali huɗu da lambar waya a jiki.

A 2023 aka yanke hukunci. Ɗan kamashon Anacha ya zo da littafin tasha, aka ga shigar kayan da abin da aka ce suna ciki da kuɗin da aka biya, daidai da na kowane saƙo. Alƙali ya ce ba a tabbatar maigida ya san abin da ya ɗauko ba, ya sallame shi ya wanke shi. Mai motar ya riga ya ba wani direba, yanzu maigida Adaidaita Sahu yake ja a cikin gari. Ko ƙullin goro aka ba shi saƙo sai ya kwance ya gani.

Bayan sati biyu da wanke shi, yaron motar ya zo yi mana barka. Ya rame. Ya ce ya nemi aikin tuƙi a wani kamfani, aka tambaye shi ko an taɓa ɗaure shi, ya faɗi gaskiya, ba su sake kiransa ba. A ƙauyensu kuma an mayar masa da kayan da ya kai gidan yarinyar da yake nema. Na kawo masa tuwo, ya ci loma biyu ya tsame hannu. Ya dubi maigida ya ce, "Oga, ni ma da na samu wanda zai tsaya mini, da yanzu an wanke ni ko?"

Maigida bai amsa ba. Ya tura masa kwanon ya ce ya ƙara ci.